Ragon Da Aka Saya Da Ƙibarsa

Kowace shekara, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, sa'ad da hukumomin WAEC da NECO su kan fid da sakamakon jarrabawar ƙare sakandare, sai mu ji magana iri ɗaya tana zagawa a Taura da Ringim da Dutse. A kan yi ta a tashar mota, a kan yi ta a gindin bishiya bayan La'asar, har manya waɗanda ya kamata su fi mu sani su kan yi ta a wurin taro. Maganar kuwa ita ce, wai a dubi makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke nan Taura, a dubi ta maza ta Kafin Hausa, a dubi ta haziƙai ta Bamaina, yaransu sun ci. A kuma waiwaya a dubi makarantun je-ka-ka-dawo na ƙauyuka, nasu sun zube. Daga nan sai a yanke hukunci nan take, a ce malaman can su ne ma'aikata, na nan kuwa jiran albashi kawai su ke yi.

Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma za mu faɗi dalili. Ba mu musa cewa yaran makarantun kimiyya sun fi cin jarrabawa ba. Wannan kowa ya sani, mu ma muna murna da su, 'ya'yanmu ne. Abin da mu ke musu shi ne a ce yawan cin nan shi kaɗai ya isa shaida a kan wace makaranta ta fi koyarwa. Bai isa ba. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, domin da irin wannan awo a ke raba kuɗin jama'a, da shi a ke yaba wa wani malami a muzanta wani, da shi kuma uba ya kan yanke shawara ko zai bar 'yarsa ta ci gaba da karatu ko zai cire ta.

Ku ɗauka mata biyu ne a gida ɗaya, saura wata uku Babbar Salla, kowacce tana so ta turke rago. Ta farko ta aika kasuwar Gujungu, aka shiga kara aka zagaya, aka zaɓo mata wanda ya fi duka girma da lafiya. Maigida ya ɗauke mata dusa da harawa da kanwa, aka yi wa ragon rumfa. Ta biyu kuɗinta bai kai ba, aka sayo mata abin da ya saura bayan kasuwa ta watse, ramamme, haƙarƙari a waje, ita ce kuma mai fita ta yayo masa ciyawa a bakin gona. Ran jajibere aka fito da ragunan ƙofar gida. To, jama'a, wanda ya dubi girmansu kaɗai ya ce ta farko ta fi iya kiwo, ya yi adalci ke nan? Ko yaro ya san tambayar da ta kamata a yi: yaya kowane rago ya ke ran da aka kawo shi, nawa ya ƙaru a hannun mai shi, nawa kuma aka kashe masa? Mai yiwuwa ne ta farkon ta fi iyawa ɗin. Mai yiwuwa ne kuma ta biyun ce gwanar. Girman rago ran jajibere ba zai gaya maka ko ɗaya ba.

Don a gane inda mu ka dosa, sai mu koma baya kaɗan. Cikin 1977, zamanin da Kanar Sani Bello ya ke Gwamnan Jihar Kano, lokacin nan kuwa Ringim da Gumel da Haɗeja da Kazaure da Dutse duk cikin Jihar Kano su ke, aka duba aka ga jihar ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa sai tsiraru. Aka kafa hukuma ta musamman domin makarantun kimiyya, aka buɗe biyu na maza, ɗaya a Dawakin Tofa ɗaya a Dawakin Kudu. Cikin 1981, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka buɗe ta 'yan mata a Taura, daga baya aka ƙara ta maza a Kafin Hausa. Da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, waɗannan biyun suka faɗo cikin rabonmu. Dabarar tun farko ita ce a ware makarantun nan daga sauran, a ba su hukumarsu mai kula da kuɗinsu da malamansu da kayan aikinsu. Sa'an nan, nan ne fa gaɓar maganar, a zaɓi yaran da za su shiga da jarrabawa. Ba kowa ke shiga ba, sai wanda ya tsere wa sa'o'insa.

Ba mu zo rushe wannan gini ba. Ya yi amfani, kuma wanda duk ya shiga asibitocin Kano da Jigawa zai tarar da likitoci da masu haɗa magunguna, maza da mata, waɗanda daga makarantun nan suka taso. Malam Abdalla Uba Adamu ma a kan shekaru goma na farko na makarantun ya yi babban digirinsa a Jami'ar Sussex ta Ingila cikin 1988. Zaɓen haziƙai a tara su wuri ɗaya kuwa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Haka aka yi a Kwalejin Katsina wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, inda su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Amma gini ya yi amfani daban, a ɗauke shi a yi sandar dūkan wasu da shi daban.

Ku duba fa. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga Taura, tun ba ta taka ƙofar makarantar ba ta riga ta fi sa'o'inta. Daga ina aka ɗauko ta? Daga wata ƙaramar sakandare ta gari ko ta ƙauye, inda ita ce ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu. Watau an zo an kwashe wa makarantar ƙauye man da ke saman ƙwaryarta, bayan shekara uku kuma a dawo a ce don me nononta ba shi da maiƙo. Ba muna raina yaran da suka saura ba ne, Allah ya kiyaye, cikinsu akwai waɗanda maki biyu ko uku ne ya hana su, akwai waɗanda ba su ma ji labarin jarrabawar ba. Abin da mu ke cewa shi ne, malamin da ya koya wa yarinyar nan baƙi da wasali a firamare, da wanda ya raine ta shekara uku a ƙaramar sakandare har ta isa a zaɓe ta, ran da sakamakonta ya fito ba wanda ke tunawa da su. Su ne ma a ke kira masu jiran albashi.

Ga kuma maganar dusa da harawa. 'Yar makarantar kwana an ɗauke mata ɗiban ruwa, an ɗauke mata surfe da talla da rainon ƙanne, tana da lokacin karatun dare, tana tare da ƙawaye waɗanda kowacce ƙoƙarin wuce 'yar'uwarta ta ke yi. Ko da ya ke su ma makarantun kimiyyar ba su rasa nasu kukan, wajen malaman fanni da ɗakin gwaje-gwaje ba a haɗa su da sauran. 'Yar je-ka-ka-dawo kuwa sai ta gama aikin gida ta kama hanya a ƙasa, in damina ta yi nauyi kogin Haɗeja ya yi ambaliya hanyar ma ta yanke. Ta dawo da yamma aiki na jiranta, dare ya yi babu fitila. Waɗannan yara biyu a ke ba takarda ɗaya a rana ɗaya, kāna a jera sunayen makarantunsu a ce ga ta sama ga ta ƙasa.

Akwai wata ɓaraka kuma wadda ta fi waɗannan ɓuya, ita ce ta ƙidaya. In an ce makaranta kaza ta ci kashi kaza cikin ɗari, cikin ɗarin su wa? Cikin waɗanda suka zauna jarrabawa ne kawai. Ba a lissafa wadda aka cire aka yi mata aure a aji biyu, ba a lissafa wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba, ba a lissafa waɗanda jarrabawar share fage ta tankaɗe, irin wadda aka saba yi a Kano da maƙwabtanta kafin Gwamnati ta biya wa yaro kuɗin babbar jarrabawa. Bari mu ƙaga misali da lissafi mai sauƙi. A ce makarantu biyu kowacce ta ɗauki yara 100 a ajin farko na babbar sakandare. Ta ɗaya ta yi ta tankaɗe har saura 40 suka zauna, 36 suka ci. Za a buga mata kashi 90 cikin ɗari, a yi mata tafi. Ta biyu ta yi ta fama da iyaye, tana bin yara gida gida, har ta kai 90 ɗakin jarrabawa, 54 suka ci. Za a buga mata kashi 60, a ce ta gaza. Alhali kuwa wannan ta fid da yara 54 masu takarda, waccan 36. Haba jama'a! Awon da ya ke saka wa mai kora da yabo, ya saka wa mai riƙo da zargi, wane irin awo ne?

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba, kuma akwai inda aka daɗe ana yin ta da alƙalami da lissafi, ba da baki kawai ba. Muna nufin Amurka. Can akwai waɗansu makarantu da za mu kira makarantun yarjejeniya. Kuɗin Gwamnati ne ke tafiyar da su, yaro ba ya biyan ko kwabo, amma ba ofishin ilmi na gunduma ke riƙe da su ba. Wata ƙungiya ce, ko taron malamai, ko kamfani, za su sa hannu a takarda da hukuma, su ce ku ba mu kuɗin yara ku sakar mana mara mu ɗauki malamanmu mu tsara lokacinmu, in ba mu yi abin kirki ba cikin shekarun da aka ɗiba ku karɓe izninku. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar cikin 1991, makaranta ta farko ta buɗe cikin 1992, yaran da ke cikin irinsu kuwa sun haura miliyan uku. Sun yi kama da makarantunmu na kimiyya ta wajen samun 'yancin kansu. Sun saɓa da su ta wajen ɗiba, domin yawancinsu doka ba ta yarda su zaɓi yara da jarrabawa ba; in masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a a ke jefawa.

Duk da haka sai da gardamar ta tashi, domin iyayen da suka miƙe suka nema wa ɗansu wata makaranta ba ɗaya su ke da waɗanda ba su motsa ba. Sai waɗansu masana a Jami'ar Stanford suka ɓullo da dabara. Kowane yaro na makarantar yarjejeniya sai su nemo masa takwaransa a makarantun gunduma na kusa, mai aji ɗaya da shi, mai makin bara irin nasa, mai halin gida irin nasa wajen talauci ko wadata, sa'an nan su duba wanda ya fi ci gaba cikin shekara. Watau sun auna ragunan ran da aka kawo su, suka kuma aunawa ran jajibere. Da suka fid da rahoton farko cikin 2009, masu yi wa makarantun yarjejeniya kirari suka sha kunya. A fannin lissafi kashi 17 cikin ɗari ne kaɗai suka fi makarantun gunduma, kashi 37 sun kasa su, sauran kuwa, kusan rabi, babu wani bambanci. Aka rufe waɗansu marasa kyau, aka gyara waɗansu. Cikin 2013 aka sake awo, aka ga sun kamo. Cikin 2023 aka kuma sakewa, aka ga sun ɗan wuce: ribar da yaro ya samu ta kai kamar ƙarin kwana 16 na koyon karatu da kwana 6 na lissafi a shekarar makaranta mai kwana 180.

Ku lura da ƙanƙantar abin. Shekara talatin ana kururuwa, ana ta da jijiyar wuya a majalisu, da aka auna da gaskiya sai ga kwana shida. Kuma wannan matsakaici ne na duka. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, akwai na banza. Waɗanda yara ke karatu daga gida ta intanet, rahoton nan na 2023 ya nuna yaransu sun yi hasarar kamar kwana 58 na karatu da kwana 124 na lissafi. Suna ɗaya, aiki daban daban.

Awon da ya fi kowanne ƙarfi kuwa shi ne na ƙuri'ar nan. A birnin Boston waɗansu masana, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya sami lambar Nobel cikin 2021, sun bi yaran da ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ta tsallake. Duka iyayensu sun nema, duka niyyarsu ɗaya, sa'a ce kaɗai ta raba su. Aka ga waɗanda suka shiga makarantun yarjejeniya na birnin sun fi ci gaba sosai, balle a lissafi. Nan kam an tabbata kiwo ne, ba wanda zai yi musu.

Amma ga wanda ya fi shafarmu mu mutanen Taura. A Boston ɗin nan da New York akwai makarantun Gwamnati na haziƙai waɗanda a ke shiga da jarrabawa, kamar dai namu, iyaye na ta rububinsu. Angrist da abokan aikinsa suka ce, to, nan babu ƙuri'a, amma akwai abin da ya yi kama da ita, watau makin da aka yanka aka ce daga nan a ke ɗauka. Yaron da ya haura shi da maki ɗaya da wanda ya gaza da maki ɗaya, ai kusan abu guda ne, wataƙila zazzaɓin rana ɗaya ne tsakaninsu. Wannan ya shiga, wancan ya koma makarantar kowa da kowa. Suka bi su. Abin da suka buga cikin 2014 shi ne, bambancin cin jarrabawarsu daga baya kaɗan ne ƙwarai, a wurare da yawa ma babu shi. A shekarar nan kuma waɗansu masana biyu, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti, suka buga irin wannan bincike a kan manyan makarantun sakandare na ƙasa a Kenya, waɗanda kowane uba ke mafarkin ɗansa ya shiga. Su ma abin da suka gani ke nan: sunan makarantun ya fito ne daga yaran da su ke zaɓa fiye da abin da su ke ƙara musu. Don kada a ce mun ɓoye rabin magana, a Romaniya an yi irin awon aka buga cikin 2013, can kuwa aka ga shiga makaranta mafi kyau ya ƙara wa yara maki a jarrabawar ƙarshe. Watau amsar ba ɗaya ba ce a ko'ina, sai an auna.

Mu zatonmu ma shi ne a nan ribar za ta fi ta Boston nesa ba kusa ba. Yaron Boston da ya gaza shiga, makarantar da ya koma tana da malamin kimiyya da ɗakin gwaji. Yarinyarmu da ta gaza da maki ɗaya tana iya komawa inda babu mai koya mata fizik ko kemistiri, ko ma karatun ya tsaya daga nan. Amma zato ba awo ba ne. Makin da kowace yarinya ta samu a jarrabawar shiga yana hannun hukuma, sakamakon WAEC da NECO yana hannun hukuma, abin da ya rage shi ne a haɗa wannan da wancan. Kuma ko ta wace fuska amsar ta fito, jama'a ne da riba. In aka ga wadda ta shiga Taura da ƙyar ta yi wa wadda ta gaza da ƙyar fintinkau, to, an tabbata ke nan ba baiwa ce kaɗai ba, malami ne da kayan aiki da cimaka da lokacin karatu, kuma waɗannan duk abubuwa ne da kuɗi ke saye, Gwamnati ba ta da hujjar hana sauran yara. In kuwa aka ga bambancin kaɗan ne, to, sai a sake tunani a kan yadda a ke zuba kuɗi wurin waɗanda dama za su ci, a bar masu bukata.

Abin da ya sa mu ka ta da maganar nan yanzu shi ne, wani sabon awo yana tafe. Gwamnatin Malam Umar Namadi, wanda ya hau mulki cikin 2023, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin NewGlobe a kan makarantun firamare, shirin da aka sa wa suna JigawaUNITE. Makarantun na Gwamnati ne, malaman na Gwamnati ne, kamfanin ne ke tsara darasi ya aiko wa malami a 'yar kwamfutar hannu. Shi ne ya yi irin wannan a Jihar Edo tun 2018, da Legas da Kwara. Duk inda aka yi irin shirin nan kuwa, abin da ke biyo baya shi ne alƙaluma, a ce ga makarantun da ke cikin shiri ga waɗanda ba sa ciki. Ba mu ce shirin ba shi da kyau ba. A Kenya, Michael Kremer, shi ma mai lambar Nobel, ya auna makarantun Bridge, waɗanda ke da uwa ɗaya da shirin nan, da hanyar ƙuri'a, ya fid da rahoto cikin 2022 cewa 'yan firamare cikin shekara biyu sun sami ƙarin abin da ya kusa karatun shekara guda. Wannan ba abin rainawa ba ne.

Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Cikin 2016 Gwamnatin Laberiya ta miƙa makarantunta 93 ga ƙungiyoyi da kamfanoni takwas, aka zaɓi makarantun da ƙuri'a domin a iya awo. Bayan shekara guda aka ga yara sun ƙaru, gaskiya ne. Sai dai an ninka kuɗin da a ke kashe wa kowane yaro, waɗansu masu riƙon ma sun kashe ninkin ba ninkin. Aka kuma gano a makarantun da Bridge ya riƙe an rage yara daga azuzuwan da suka cika, an kuma tura malaman da ba a so zuwa waɗansu makarantun Gwamnati. Bayan shekara uku ribar ba ta ƙaru da wani abin kirki a kan ta shekarar farko ba. Yaya aka yi aka gano duk wannan? Domin masu awon ba 'yan kamfani ba ne, kuma sun rubuta sunayen yara tun farko, suka bi kowane yaro duk inda ya koma. Da an bar mai kiwo shi ne mai riƙe da sikeli, da ba wanda ya ji.

Shi kansa sikelin ma sai an sa masa ido. Ran 4 ga Agusta 2025 hukumar WAEC ta ba da sanarwa cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali cikin 2024 kashi 72.12 ne. Ƙasa ta ɗauka, aka zagi malamai, aka zagi yaran zamani. Ba a yi mako guda ba hukumar ta dawo ta ce kuskure aka yi wajen maki, ta mai da shi 62.96. Malaman nan dai su ne, yaran nan su ne. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa, watau wuraren da a ke rubuta wa yara amsa a allo, iyaye na biyan kuɗi don a kai 'ya'yansu can. Ba mu kaɗai ba ne. A birnin Atlanta na Amurka cikin 2015 kotu ta sami malamai da shugabannin makarantu 11 da laifi sabo da gyara amsoshin yara. Duk inda aka ce kashi cikin ɗari shi ne zai ɗaga shugaban makaranta ko ya kā da shi, an buɗe ƙofar nan ke nan, mai gaskiya kuwa shi ne zai kwana a ƙasan jeri.

Sabo da haka muna kira ga ma'aikatun ilmi da ke Dutse da hukumar makarantun kimiyya, in za a buga sakamakon makaranta, a buga shi da cikarsa. A faɗi yara nawa suka shiga ajin farko shekara uku da suka wuce, nawa suka zauna, nawa suka ci, ina sauran. A faɗi makin da suka shigo da shi. A faɗi Naira nawa aka kashe wa kowane yaro a shekara, a makarantar kwana da ta je-ka-ka-dawo, da yawan malaman Turanci da Lissafi da kimiyya a kowacce. Ba aiki ne mai tsada ba, rejista tana nan a ofishin kowane shugaban makaranta a ƙananan hukumomi 27 na jihar nan. Batun bin yaran da ke gab da makin yanka kuwa, da na auna sabon shirin firamare, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Bayero a Kano. A ba malamansu takardun, a ɓoye sunayen yara, a bar su su faɗi abin da suka gani ko da bai yi wa kowa daɗi ba.

Ku kuma iyaye, ku da kuɗin harajinku ne a ke wannan aiki, ran da aka tara ku taron iyaye da malamai aka karanta muku kashi kaza cikin ɗari, kada ku yi saurin tafi, kada kuma ku yi saurin zagi. Wani dattijo ya miƙe ya ce, Malam, Allah ya gafarta, yara nawa ka karɓa a ajin nan tun farko, ina waɗanda ba mu ji sunansu ba? Wakilanmu na Majalisar Dokoki kuwa, musamman na Taura da Ringim da Kafin Hausa da Birnin Kudu waɗanda makarantun nan ke ƙasarsu ko maƙwabtaka da su, muna roƙonsu su nemi a kawo waɗannan takardu gaban Majalisa kafin su sa hannu a kasafin ilmi na baɗi.